Ƙarar da Yaya Yake Ji da Hannu

Haƙƙin abin aro a wurinmu sananne ne, ba ya bukatar takarda: a mayar da shi ga mai shi yadda aka karɓe shi, idan kuma ya samu rauni a hannun wanda ya ara, a zo a faɗa da baki. Wannan shi ne alkawarin da kwamitin bikin matasa na wani gari da ke kan hanyar Kanan-Bakashe ya ɗaukar wa gidanmu bayan girbin bara, kuma shi ne bai cika ba. Na shafe shekarun aikina ina rubuta haihuwa da mutuwa a biro, wato ofishin magajin gari, don haka na saba faɗin abu yadda ya auku, daga farkonsa. Haka zan yi a nan.

Mu uku ne maza a ɗakin mahaifiyarmu a Tasawa. Yayanmu tela ne. Ni ne na tsakiya, ni kaɗai na yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Ƙanenmu mai gyaran wutar mota ne a bakin tasha. Yaya ya yi samartakarsa a Maraɗi yana koyon ɗinki, a can sanƙarau ya kama shi. Ya tashi daga jinyar da ransa, amma jinsa bai dawo ba. Magana bai manta ba, sai dai yana ɗaga murya fiye da kima, tamu kuma a leɓe yake karanta ta. Kekensa na ɗinki da ƙafa yake saurarensa: idan zare ya kusa sarƙewa, tafin ƙafarsa ke gaya masa.

Cikin duk abin da ya ji a duniya kafin ciwon, labarin abu ɗaya ya fi ba mu. Wani injin wasa ne da ke wani shago kusa da inda yake koyon aiki, ana ce masa filifa: tebur mai gangara da gilashi a samansa, ƙwallon ƙarfe na yawo a ciki yana dukan ginshiƙai, mai wasa yana tare shi da 'yan fukafukai biyu idan ya danna maɓallan da ke gefe da gefe. Yaya ba ya maganar fitilunsa. Ƙararsa yake kwatantawa, musamman wani bugu guda mai nauyi da injin ke yi idan mutum ya ci wasan kyauta, wanda ke sa kowa a shagon ya waiwayo.

Ƙanenmu ya tashi da wannan labari a kunnensa, da ya kawo ƙarfi sai ya ce zai gina abin. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwati mai ƙafafu, ya kwantar da faffaɗar talabijin rigingine a samansa, ya ɓoye tsohuwar odinata, wato kwamfutar da na daina aiki da ita, a ciki, wani abokinsa na Maraɗi ya zuba masa wasan. A ido abin ya yi kama. Ƙwallon hoto ne, amma yana gudu, kiɗa kuma na tashi. Ranar da aka kira Yaya ya gwada, ya dafa gefen akwatin, ya ɗan taɓa, sannan ya ɗauke hannunsa ya ce hoto aka yi masa, katakon ba ya magana. Ƙanen ya tsaya gabansa ya ce ai har bakin titi ana jin ƙarar.

"To ka kira titin ya zo ya buga," in ji Yaya.

A nan ainihin aikin ya fara, ya kuma cinye bazarar nan duka. A cikin abin tayar da mota akwai wani ƙarfe da ke harbawa ya ce ƙas idan an murɗa makulli. Irin waɗannan ƙanenmu ya riƙa cirowa daga matattun motoci yana ɗaure su a jikin katako ta ciki, yana haɗa wayoyinsu yadda kowanne zai harba daidai lokacin da ƙwallon ya doki wurinsa. Biyu suna gaba, ƙarƙashin tafin hannu, don fukafukai. Sauran suna can baya, don bugun ya zo daga nesa yadda ya kamata. Ya ɗauko injin goge gilashin mota, ya ɗaura masa dunƙulen ƙarfe a karkace, ya zama idan wasa ya yi zafi akwatin duka sai ya girgiza.

Yaya ne alƙali. Bayan azahar yakan rufe shagonsa ya zo ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan katako ya lumshe ido, ƙanen na cikin akwatin rabin jikinsa, gumi na zuba. Yaya ya ce wannan ya yi sauƙi kamar ɗan yatsa a ƙofa. A matsar. Ya ce yanzu ya yi kusa, na Maraɗi daga hagu yake zuwa. A sake hudawa. Ƙanen yakan fito ya ce mini a duk ƙasar nan shi kaɗai ne kurma ke koya wa sauti, kuma har yau bai ci jarrabawa ba. Ni aikina riƙe waya, kuma Sakatare suke kirana su biyun, don wai ko riƙon waya sai na nemi a sa hannu.

Babban bugun nan shi ya fi ba su wuya. An gwada sandar ƙarfe a kan faranti, Yaya ya ce wannan kwanon tuwo ne. An gwada a kan katakon kafinta, ya ce ba shi da ciki. Daga ƙarshe ƙanen ya shiga ƙuryar gida ya ɗauko tsohon turmin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, wanda ya tsage aka ajiye, ya yanko gindinsa ya kafa a ƙasan akwatin. Da sandar ta sauka a kansa, na ga kafaɗun Yaya sun motsa. Ya waiwaya baya, kamar yadda ya ce mutanen shagon ke yi, alhali ba kowa a bayansa sai bango. Bai ce an dace ba. Ya dai nemi a sake.

Da damina ta yi tsakiya ƙanenmu ya kwanta ciwon ciki, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Da hannuna na shigar da sunansa a rajista. Bayan an share makoki Yaya ya sa aka kai akwatin ɗakinsa, kullum bayan la'asar yana tsaye a gabansa. Sau ɗaya na tambaye shi ko bai gaji ba. Ya ce mini duk inda bugu ya fito ya san ranar da aka ɗaura shi da gardamar da suka yi a kansa, kuma ba shi da wani wuri a duniya da yake jin abu sai nan.

Bayan girbi shugaban kwamitin da na ambata ya zo. Yana kai motarsa gyara wurin marigayin, ya ce yana so matasan garinsu su ga abin da ɗan ƙasa ya ƙera, a ajiye shi gefen filin kokawa kwanakin bikin. Ni ban so ba. Yaya ya so, don an yi masa alkawarin za a ambaci sunan ƙanenmu a lasifika. Sai na gindaya sharaɗi guda a gaban mai unguwarmu: kada a buɗe ƙofar bayan akwatin. Shugaban ya amsa da ranka ya daɗe har sau nawa. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, aka ɗora, aka tafi.

Sun dawo da shi a kan lokaci, ba zan hana su wannan shaida ba. Kuma kamar yadda ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, sun haɗo da tukuici: babbar lasifika mai doguwar waya. Shugaban yana murmushi ya ce sun ma gyara mana shi. Wai da aka kunna a can, mai kula da kayan sautinsu ya ji ƙwanƙwasa da girgiza a ciki, ya ce jijjigar hanya ce ta kwance wasu abubuwa, idan ba a cire ba za su fasa talabijin. Ya buɗe, ya kwashe duk abin da ke motsi, ya jona lasifikar. Jama'a sun ji daɗi ƙwarai, in ji shi.

Yaya bai kama zancen ba, don mutumin gefe yake kallo yana magana. Ya sa aka kunna. Kiɗa ya cika gida har matan maƙwabta suka leƙo. Ya dafa katako ya danna. A gilashi fukafukan suka ɗaga. Ya sake dannawa. Ya matsar da hannunsa baya, ya lalubi hagu, ya sunkuya ya manna kumatunsa a jikin akwatin. Sannan ya miƙe ya dube ni.

"Yana kuka, Sakatare?"

Na gyaɗa kai.

"To, ku ji."

Ya ɗauko wani yadi daga cikin kayan ɗinkinsa ya lulluɓe akwatin. Tun ranar bai sake ɗaga yadin ba. Bayan la'asar yanzu a dakalin ƙofar gida yake zama, hannuwansa a kan gwiwa.

Na hau moto, wato babur, na je garin. An karɓe ni da fura da mutunci, aka kuma yi ta tura ni daga wannan zuwa wancan. Wani ya ce an raba ƙarafan ga masu motocin kasuwa. Wani ya ce suna cikin buhu a wani ɗaki da mai makullinsa ya yi tafiya. Guntun turmin ba wanda ya tuna da shi. Da na matsa, shugaban ya ce, cikin raha, shi bai ga abin tayar da hankali ba, tunda mai abin kurma ne, me zai yi da ƙara. Na miƙe na kamo hanyar gida.

Na buɗe akwatin da na dawo. Ramukan kusoshin suna nan, sun yi yawa, domin kowane ƙarfe an matsar da shi sau da dama kafin Yaya ya yarda. Ba na iya bambance ramin ƙarshe da na gwaji. Wanda ya haƙa su ya rasu. Mutum ɗaya ne a raye da ya ga kowane ƙarfe a mazauninsa, shi ne wanda ya cire su.

Don haka, cikin girmamawa, ina roƙon dattawan wancan gari da hakimansa su binciki inda kayan nan suka shiga, a tattaro abin da ya saura, a kuma nemi guntun turmin ko a gaya mana gaskiyar abin da ya same shi. Ina roƙon a umarci mai kula da sautin ya zo Tasawa ya nuna mana, rami bayan rami, inda ya kwance kowanne. Ba mu neman a hukunta kowa. Lasifikar tana nan a zaure, ba mu taɓa ta ba, za su iya tafiya da ita ranar da suka zo.