Inna Barakatu, Bakin Mata a Gaban Likita

Kullum kafin a ɗaga tuta a bariki, Inna Barakatu ta gama share farfajiyar ɗakin magani na Dapaong. Sai ta wanke hannu, ta ajiye kujerarta 'yar tsugunno tsakanin teburin likita da bencin mata. A takardar Nasara, mai shara ce. Amma shekara goma sha bakwai ke nan, duk abin da mace za ta faɗa wa likita ta bakinta yake bi. Ni mai tsaron ƙofa ne, tare aka kawo mu daga Sokode, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ba ta taɓa shiga lekol, makarantar Nasara, ba. Faransancinta tsintuwa ce: kalma ta faɗo daga bakin likita, ta ɗauka, ta yi ta juya ta a baki tana wankin bandeji. Na taɓa tambayarta me ya kai ta wannan wahala. Ta ce, "Malam, mu ba ma faɗin ciwon mace kai tsaye, kewayawa muke. Tafinta kuwa hanya ɗaya ya sani."

A Sokode na ga gaskiyarta. Alassani mahauci ya kawo matarsa Salamatu, tana amai, jiri na ɗibarta. Tafintan lokacin mutumin Kudu ne, a kasuwa ya koyi Hausarsa. Likita ya tambayi abin da ke damunta. Alassani ya sunkuyar da kai, don cikin fari ne, ya ce, "Wake ta ci." Ni da ku mun san ciki yake nufi. Tafinta ya juya ya gaya wa Bature wake, wanda ake dafawa. Likita ya yi dariya, ya sa a kawo maganin wankin ciki mai ƙarfi.

Har an zuba a kofi. Inna ta yar da tsintsiya, ta tsaya gaban Salamatu, ta ce, "Mushe, ansant," wato, Yallaɓai, juna biyu ne. Likita ya janye kofin.

Tafinta ya ce, "Ke mai shara, wa ya sa bakinki?"

Ta ce, "Waken nan ya fi ƙarfin haƙoranka, ɗana."

Salamatu ta haihu lafiya, mace, yarinyar tana nan Sokode da ranta.

Da aka kawo mu nan, Hausa da yaren Kotokoli suka kasa mata, don yawancin masu zuwa 'yan ƙabilar Moba ne. Ta haura hamsin, ta koma ɗaliba. Ran kasuwa takan zauna cikin matan ƙauyen Bombouaka masu gyaɗa, suna ta dariyar yadda take karya musu harshe, tana cewa, "Ku yi dariyarku, amma ku maimaita mini."

Inna, ke ce kwalekwalen kogin Oti: ki ƙetarar da kowa, ki kwana a bakin ruwa. Ke kika ji sirrin matan zango da na ƙauye, ba a taɓa jin ɗaya a bakin rijiya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk da hannuna bai saba ba, shi ne kunnen Inna ya fara nauyi. Makon jiya likita ya ce a ba wata mata ƙwaya "de", biyu ke nan. Inna ta ji "duz", goma sha biyu. Ta buɗe baki, sai ta tsaya, ta ce, "Mushe, nuna mini da yatsa." Ya ɗaga biyu. Da aka tashi ta zo ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Malam, da na faɗa fa?"

Na ce, "Ai ba ki faɗa ba, Inna."

Ta ce, "Yau ne ban faɗa ba."

Da kanta ta roƙi likita ya sallame ta ƙarshen wata. Babu macen da za ta gaje ta.

Yanzu kullum bayan la'asar tana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta, ga duk mai son koyon Faransanci. Mace ɗaya ke zuwa, Azara matar Karimu tela. Sauran mazajen sun ce yaren Nasara na raba mutum da salla. Ni na haura arba'in kafin na shiga ajin manya, kuma sallata tana nan biyar.

Inna, mun gode. Allah Ya saka miki da abin da takarda ta hana ki.

Ku kuma mazan zango, saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Azara ta iya ƙirga zuwa ashirin, ta san sunayen gaɓoɓi daga kai zuwa ƙirji. Ba ta kai mara ba tukuna, inda yawancin ciwon matanmu yake. Ku bar matanku su je yau, tun Inna tana iya jin kuskurensu ta gyara.