Ranar da Saniyar Kwali Ta Juya

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da mahaifiyata ta aike ni kai wa Baba abinci a gareji, ina 'yar shekara goma sha uku. Motarmu tana ƙarƙashin rumfa, an ɗage bayanta a kan guntayen katako, tayoyin baya a jingine da bango. Amma abin da idona ya fara sauka a kansa wani faffaɗan kwali ne da aka shimfiɗa a ƙasa bayan motar, irin na gwangwanin madara, da hoton saniya a jikinsa. An jera ƙarafa a kansa kashi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kan saniyar yana kallon motar, wutsiyarta tana kallon titi. Haka nake tun ina ƙarama, idona yana kwashe ƙananan abubuwa, bakina kuwa da ƙyar yake buɗewa. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu.

Shekarun nan ne da kowa a Douala ba shi da magana sai ta kiriz, wato karyewar tattalin arziki. Ofishin da Baba yake aiki a Bonapriso ya rufe, abin da ya rage masa sai tsohuwar motarsa da takalmansa masu sheƙi. Ya fara ɗaukar wa 'yan kasuwa dilolin atamfa zuwa Marché Congo, yana yi yana sunkuyar da kai kada tsofaffin abokan aikinsa su gan shi. Daga baya wasu gidaje uku a Bonapriso suka yarda ya riƙa kai musu yara makaranta yana ɗauko su, zai fara ranar Litinin. Sai dai ɗaya daga cikin iyayen ya ji labarin abin da ya faru a makon da ya wuce, ranar da Baba ya ratsa ruwan da ke kwanciya a layinmu na New Bell, ya taka birki, motar ta ja gefe ta ture wa wata mata tiren gyaɗa. Mutumin ya ce sai an gyara birkin zai ba da 'ya'yansa.

Birkin bayan motar irin na da ne, wanda ake kira tambur, kamar tukunya a kife. Ruwa da taɓo suna shiga ciki su zauna, ga shi damina a garinmu ba ta da ranar tafiya. Shi ya sa aka yanke shawarar a cire shi a sa na diski, mai kama da faifai, wanda yake a buɗe, ruwa na taɓa shi ya tsane. An samo kayan daga jikin wata mota da ta mutu.

Makanikin wani dattijo ne mutumin Garwa, muna ce masa Baffa. Hausarsa tana da ƙamshin Fillanci. Masu koyon aiki a wurinsa duk sun watse sun koma haya da babur, ya rage shi kaɗai. Ba ya rubutu, ba ya sa wa ƙarfe alama. Idan ya kwance abu, sai ya ajiye shi a kan kwali daidai yadda ya same shi a jikin mota, na dama a dama, na hagu a hagu.

"Kwalin nan shi ne littafina," ya ce da ni da ya ga ina kallo. "Ki kalla da ido, 'yata, ban da hannu."

Sun ci abinci, Baffa ya fita sayo man birki. Bai daɗe da fita ba sama ta haɗe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwalin yana wajen rumfa. Baba ya zabura ya kama bakinsa ya ja shi ciki, da ya zo wajen ginshiƙin rumfar sai ya kewaya da shi don ya wuce. Babu ƙarfe ko ɗaya da ya faɗi, har Baba ya yi murmushin jin daɗi. Ni kuwa na ga kan saniyar ya koma kallon titi.

Na gani sarai. Na ce a raina manya sun fi ni sanin aikinsu, na zauna a kan wata tsohuwar taya na rungume kwanukan abinci ina jiran ruwa ya tsagaita.

Baffa ya dawo a jiƙe, yana sauri. Ya yaba wa Baba da ya ceci kayan, ya durƙusa ya fara ɗaurawa. Ya sa faifan, sannan ya ɗauko ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi wanda yake matse faifan idan an taka birki, ya ɗaura na wannan gefe, ya ɗaura na wancan. Komai ya shiga daram, ba abin da ya yi gardama. Daga baya ya gaya mana cewa shekarunsa duka a kan tambur ya yi su, wannan ne karon farko da ya sa diski a bayan mota.

Saura a fitar da iska daga cikin bututun man, aikin da sai da mutum biyu. Baba yana gaba yana ƙara mai, don haka Baffa ya waiwayo ya dube ni.

"Uwar Alhaji, ƙafarki tana kai wa birki?"

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwata, abokansa kuma suka ɗauka. Na hau kujerar direba na zame gaba har bakin kujera.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

Ina riƙewa sai ya murɗe wani ɗan ƙaramin noti, mai ya tsarto, ya mayar ya ɗaure. Muka yi ta yi. Amma birkin bai yi tauri ba. Ƙafata tana nutsewa a cikinsa kamar na taka ayaba nunanna. Idan na taka da sauri sau uku sai ya ɗan ɗago, ina hutawa ya koma yadda yake. Baffa ya zagaya tayoyin gaba ma ya gwada. Ta madubi da ta taga ina kallonsa, sai na lura da wani abu. A gaba, ɗan notin yana sama, daga tsugune yake kai masa hannu. A baya kuwa sai ya kwanta a ƙasa ya lalubo shi ta ƙarƙashi.

Har aka kira La'asar muna abu ɗaya. Suka yi salla a gefen rumfa suka dawo. Baffa ya zauna yana goge hannu da tsumma, fuskarsa ba daɗi.

"Alhaji, ban gane masa ba. Ko dai tsufa ne ya zo mini."

"Ça va aller, Malam," in ji Baba, da Faransancinsa na ofis, wai komai zai daidaita. "Sabon abu ne, zai zauna da kansa. Ai yana kamawa in an taka sau biyu. Mayar da tayoyin."

"Da yaran mutane a ciki?"

"To me zan ce musu ranar Litinin? In ce su jira ni?"

Baffa ya ajiye tsumman. Ya tashi a hankali ya mirgino taya ɗaya.

Ina zaune a bayan sitiyari. Idan na yi magana, na nuna wa dattijo kuskure a cikin sana'arsa, na kuma tona asirin mahaifina a gaban wani, mutumin da kiriz ta riga ta sunkuyar masa da kai. A gidanmu yarinya ba ta sa baki a maganar manya. Na waiwaya na dubi kujerar baya, inda yara za su zauna da jakunkunansu da gorunan ruwansu. Ƙafata tana kan birkin, na danna shi sau ɗaya, ya tafi har ƙasa.

"Baffa," na ce, murya can ciki. "Saniyar ta juya."

"Wace saniya?"

Na sauko na nuna kwalin, idona a ƙasa. Na ce da na zo kanta yana kallon mota, da aka shigo da shi daga ruwa ya koma kallon titi. Ban ce wanda ya shigo da shi ba, kamar akwai wanda bai sani ba. Na ƙara da cewa na ga notin gaba yana sama, na baya yana ƙasa.

Baffa ya saki tayar. Ya leƙa bayan motar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na dama na sa a hagu," ya ce. "Iska sama take hawa a cikin mai, ni kuma tun ɗazu ƙasa nake buɗe mata ƙofa."

Ban iya kallon Baba ba.

"Ni na juya shi," Baba ya ce. "Ban san yana da gaba da baya ba."

"Ni ma da na duba littafina kafin in karanta. Ka ga amfanin zuwa gareji da uwa, Alhaji. Ita kaɗai ce za ta ja maka kunne ka yi shiru."

Baba ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Suka kwance ƙarafan biyu suka musanya. Na koma kujera. A taku na huɗu na ji abu ya tokare mini tafin ƙafa kamar dutse, na ji tsit-tsit ɗin iska tana fita. Baffa ya haɗa birkin hannu, ya mayar da tayoyi, ya zagaya layin sau biyu da kansa kafin ya miƙa wa Baba makulli.

Yanzu da na girma, na kan tuna cewa tun lokacin da ruwa ya sauko nake riƙe da maganar nan. Da na faɗe ta a lokacin, da magana ce ƙarama, a juya kwali a ci gaba da aiki. Shirun da na ɗauka ladabi ne shi ya girmar da ita har ta zama abin kunya ga mutum biyu, ya kuma kusa sa yaran mutane a motar da ba ta tsayawa. Tun daga ranar na gane cewa abin da na gani amana ne a hannuna, kunya ba ta sauke mini ita.

A hanyar gida na ƙudundune a kujerar gaba da kwanukana, ina jiran faɗa. Muka ratsa ruwan layinmu, ya taka birki, motar ta tsaya cak, ba ta karkata ko'ina ba. Ya daɗe yana kallon gabansa, hannunsa a kan sitiyari.

"Uwata," ya ce, "me kike so in yi miki?"

Na dubi sauran ruwan da ke kwance a gabanmu har ƙofar gida.

"Baba, don Allah ka ƙara shiga ruwan, ka taka sau ɗaya in sake ji."