Ranar da Kawu Ya Danne Furar Baƙi

Jiya a unguwar Mabera na buɗe robar fura da aka cusa mini a jaka, na tarar dunƙulen sun matsu, kowanne ya yi kusurwa. Sai na fashe da dariya ni kaɗai, don Kawu ne ya faɗo mini a rai, yayan mahaifiyata, tsohon malamin kimiyya.

Ina sakandare, jarrabawa ta matso, na kai masa zanen ƙwayoyin halittar fatar jiki da na yi da rula, duka kansu ɗaya. Ya duba ya ce, "Wanga bulo na, ɗiyata, ba jikin mutum ba."

Ya lallaɓa madafa ya kwaso furar da Inna, matarsa, ta dunƙula wa baƙi, tana ta ƙamshin citta da kanumfari. Ya jera dunƙulen a kwano, ya danne da murfi, ya ɗaga.

"Mi kinka gani?"

Wani gefe biyar, wani shida, wani ya miƙe ya yi tsawo. Ya ce haka ƙwayoyin suke, maƙwabta na turin kowace suna jan ta, shi ya sa ba su zama iri ɗaya.

Sai ga Inna a kanmu. "Malam! Furar baƙin nawa?"

"Karatu munka yi da ita," in ji shi, yana share gari a riga.

Na ci jarrabawar. Kawu, Allah Ya yalwata makwancinka, kada ƙasa ta matse ka ko ta gefe ɗaya.