Baba Mai Zare Ya Ajiye Sifana

A da, kafin masu shaguna su buɗe, Baba Mai Zare ya riga ya share gaban garejinsa, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ya shige. Ƙafafunsa kawai za ka gani. In ka yi sallama, daga can ƙasa za a amsa, a kuma ce ka matsa kana tare haske.

Ni direban motar asibiti ne, wadda ke ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyukan ƙetaren fadama. Da tayoyi huɗu take ja, kuma sirrin yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a bayan giya. Baba ne ya taɓa buɗe min shi. A ciki akwai siraran fayafayan kuloci jere cikin mai. Idan tayoyin baya suka fara sulɓi a taɓo, sai fayafayan su matse juna, su miƙa wa tayoyin gaba rabonsu na ƙarfin inji. In sun cinye kuwa, baya ta yi ta juyawa a banza, gaba na kallo.

Sunan nan nasa tsokana ce. Ba ya taɓa akwatin sai ya zagaya kowace taya da zare ya gwada. Wata rana na saka sabuwar taya guda cikin tsofaffi, na zo ina taƙama. Ya gwada, ya dube ni sheƙeƙe.

"Haba direba, takalmi wari da wari ka saka mata? Wannan ta fi 'yan uwanta girma. Akwatin zai zaci sulɓi ake yi, ya yi ta matsewa a kan kwalta har ya ƙone. Cire min ita."

Na cire ina gunaguni. A daminar da ta biyo baya muka kafe a taɓo, ga wata baiwar Allah jini ya ɓalle mata. Na taka, na ji gaba ta kama, muka fice. Ungozomar da ke riƙe da ita shaida ce.

Baba, kai ne mai karɓar haihuwa daga ƙarƙashin mota. Ba ka taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba, ba kuma uwar da ta san da zamanka.

Yanzu tsufa ya kama shi, hannunsa rawa yake yi, ko noti ba ya iya kamawa. Waɗanda ya koya wa duk sun watse, wai aikin datti ne. Sauran masu gareji sun ce ba a gyara akwatin, sai dai a saka sabo, sabon kuma babu shi. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Na je gaishe shi, ko zama ban yi ba ya ce, "Motar taka, gaba tana kamawa?"

"Ta fara ƙi, Baba."

Ya dubi hannuwansa. "Aikin yana nan a kaina, ɗana. Samo min mai aron hannu, ni in riƙa faɗa masa."

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma matasa, don Allah wani ya je ya zauna gabansa tun yana iya faɗa. Na yi cigiya har na gaji, ba wanda ya zo. Ga hadari ya fara haɗuwa, akwai kuma mata a ƙetaren fadama da watan haihuwarsu zai kama tsakiyar damina.