Tsarabar Kawu Barau Daga Ƙasar Sin

Kawu Barau, yayan mahaifiyarmu, manomin gero da gyaɗa ne a Toranke, kuma kafin wannan tafiya ko Kaduna bai taɓa takawa ba. Amma ya kusa shekara ashirin yana son ƙasar Sin. A rediyo ya gamu da ita. Wata rana da la'asar yana murɗa akwatin yana neman labarai, sai ya ji wata 'yar Sin tana zuba Hausa tiryan-tiryan. Shi ke nan. Ya ce mutanen da suka koyi harshenka ba ka roƙe su ba, ai sun zama 'yan uwa.

Ya shiga aika musu wasiƙu. Shanun huɗarsa biyu sunayen kogunan can ya raɗa musu, ko da yake shanun ba su taɓa amsawa ba. Har tuwo ya gwada ci da tsinke biyu, sai da matarsa Inna Hanne ta ga miyar kuka ta gama da rigar sallarsa ta jefa tsinkayen a murhu.

Da gidan rediyon ya shirya gasar masu sauraro, Kawu ya ci, aka ba shi ziyarar kwana goma a ƙasar Sin. Kowa ya taya shi murna ban da Inuwa, taubashinsa, wanda ya faɗa a gaban majalisa cewa Barau gidan 'yarsa a Kano zai je ya ɓuya, ya dawo yana ba mutane labari. Maganar nan ta tsaya wa Kawu a rai. Ya hau Babbar Ganuwa, ya shiga jirgin ƙasa mai gudun da ya sa shi salati, amma duk inda ya tsaya abu ɗaya yake tunani: tsarabar da za ta rufe bakin Inuwa. Saboda haka da tafinta ya kai shi wata ƙatuwar kasuwa, ya cika jaka da filas, tociloli, silifas, agogon bango da dardumai.

Ranar da ya dawo, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya baje kaya. Inuwa ya ɗauki filas ɗin ya jujjuya, ya tashi ya shiga gidansa, ya fito da nasa. Iri ɗaya, har jan furen da ke jiki.

"A shagon Sagiru na saya, cikin kasuwar Gaya," in ji shi. "Kai ma can ka tsaya, mutumin Sin?"

Kawu ya kifa filas ɗin ya nuna rubutun da ke gindi. Inuwa ya kifa nasa, sai ga rubutun iri ɗaya. Aka zo kan tocila, mutum huɗu suka zaro irinta daga aljihu. Dardumar kuwa liman ya ce cikin sanyin murya irinta ce a sahun gaba. Kawu ya fito da hotuna, Inuwa ya ce yaran yanzu ko a kan wata za su ɗora ka. Ya nuna hatimin fasfo, Inuwa ya ce da rogo ma ana sassaƙa hatimi.

Inna Hanne ce, tana kakkaɓe jakar, ta ci karo da wani ɗan gwangwani a ƙasa. Ganyen shayi ne, wani tsohon manomi ya ba Kawu. Kawu ya ɓoye shi ne saboda ya riga ya sha shi a can, kuma kunya kaɗai ta sa ya haɗiye. Ta dafa ta aiko, yadda ya ce suna yi: ba madara, ba sukari.

Inuwa ya kurɓa. Ya riƙe a baki, ya dubi sama, ya haɗiye da ƙyar.

"Barau, ka je," ya ce. "Babu ɗan kasuwar da zai ɗauko wannan ya kawo Gaya. Wa zai saya?"

Sannan ya miƙa kofin ya ce a taimaka masa da sukari. Kawu ya mayar masa da hannun, ya ce a can ba a sawa, ya kuma tsare shi sai da ya shanye tas.