Fensirin Baba da Garuruwan Masar

Tun muna yara a Kafancan Baba yake da wata ɗabi'a. Duk garin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, in ya sami wanda ya tabbatar masa akwai shi a doron ƙasa, sai ya ja ɗan layi da fensir a ƙarƙashin sunan. Urushalima ta daɗe da samun nata daga bakin masu zuwa ziyara. Na Masar ne suka gagare shi: On, Zowan da Nof.

Da ya zo wurina a Alexandria ta kusa da Washington, ba ta Masar ba, inda nake aikin jinya, na cika baki na ce rana ɗaya ta ishe mu mu gano su a taswira. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gidan tarihi a Washington. Ga taswirar Masar ƙatuwa a bango. Na bi ta da yatsa sama da ƙasa: Heliopolis, Tanis, Memphis. Ko ɗaya daga cikin na Baba babu.

Kaina ya ɗaure. Mutumin da ya shekara arba'in yana wa'azi, da wane baki zan ce masa garuruwansa ba sa kan taswira? Shi kuwa yana tsaye a bayana, bai ko taya ni dubawa ba. Gaskiya na ji haushinsa.

Washegari na tare wani likita Bamisire a wurin aiki. Ya yi dariya ya ce ai On ita ce Heliopolis, Girkawa ne suka sa mata nasu sunan, yanzu kuma unguwa ce a Alƙahira mai suna na Larabci, gwaggonsa ma can take zaune. Gari ɗaya, suna uku! Ya rubuta mini sauran a takarda, duk da haka sau biyu ina cakuɗa Zowan da Nof wajen yi wa Baba bayani.

Baba ya ce, "Gwaggonsa tana can? To, akwai shi ke nan."

Ya buɗe littafin, ya kai shi dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya sake matso da shi. Sai ya miƙo mini fensirin.

"'Yata, ja mini layin. Tun bara rubutu ya daina fitowa mini."

Ni da nake duba marasa lafiya kullum, na tsayar da shi gaban taswira kusan awa guda ina ganin laifinsa. Na karɓi fensirin na ja a ƙarƙashin On, layin ya fito a karkace.