Katakai Biyu na Mai Layi

Shekara ashirin da shida Mai Layi ya yi yana tura kurar farar ƙasa a filin wasa, yana ja wa 'ya'yan wasu layin da za su bi su yi suna. Shi ma ya taɓa gudu, waɗanda suka gan shi sun ce ba dama, sai gwiwar hagu ta ci amanarsa yana ɗan ashirin da biyu. Hukumar filin ta miƙa masa bokiti da igiyar awo, wai tausayi ke nan.

'Ya'yansa maza uku ba wanda zai iya kamo ko kaza. Sai Auta, mace, siririya, wadda in an aike ta shago kafin ka gyara zama ta dawo. Tana 'yar sha biyar ya ɗaura mata igiya a ƙugu, ta fara jan tsohuwar tayar mota daga wannan tuta zuwa waccan. Daga nan sai hawan matakalar 'yan kallo sau goma sha biyu, gwiwa sama, hannu na aiki. Sai gudun mita talatin, a huta minti uku, a sake. In ta yi amai ya ba ta ruwa, ya ce, "Saura huɗu, Auta." Mahaifiyarta takan ce, "Malam, 'ya ka haifa ko doki?"

Bindigar da ake bugawa a fara tsere ba ta hannun mai ja layi irinsa ba ce, don haka ya haɗa katakai biyu da fatar tsohon takalmi. Ya ce "Kan layi," ya ce "Shirya," sai ya buga, ƙwas! Yarinya ta iya tashi har abin ya zama abin kallo. Kafin ƙarar ta gama fita ta yi taku biyu, shi kuwa baki har kunne.

Shekara huɗu suna haka. Ta bar makarantar koyon jinya saboda gasar zaɓen 'yan tseren da ba su kai shekara ashirin ba, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, don watan gobe za ta cika ashirin ɗin.

Ranar gasa shi ya ja layukan da hannunsa, ya koma bayan shinge ya tsaya. Mai bindiga ya ce su hau layi, ya ce su shirya. Mai Layi bai san sanda tafinsa ya sauka a kan cinyarsa ba, kuma daidai wannan lokacin Auta ta tashi. Ita kaɗai. Sauran bakwai suna durƙushe, bindiga ba ta yi ƙara ba.

Kuskure ɗaya ake yi a wannan doka, duk wanda ya riga bindiga tashi an cire shi. Alƙali ya ɗaga jan kati, ta kwashi takalmanta ta fita, ba ta yi gudun ko mita goma ba.

Washegari da safe ya kira mai gadin ƙofa ya riƙe masa agogo. Sau goma ya ce "Shirya" ya buga katakan, sau goman kuwa tazarar da ke tsakanin "Shirya" da bugun ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Ashe shekara huɗu ba sauraron ƙara ya koya mata ba, ƙirgen hannunsa jikinta ya haddace. Mai bindiga na gaskiya kuwa yakan jinkirta yadda ya ga dama, kuma Mai Layi ya fi kowa sanin haka. Ya zauna a kan tayar nan, ya ji ya tsani kansa.

Ya shiga gida da niyyar faɗa mata. Ya same ta a bakin ƙofar ɗaki, idanu sun kumbura, tana cusa takalman gudu cikin leda. Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Na zubar maka da wahalar shekara huɗu. Ban san abin da ya tashe ni ba."

Ya buɗe baki. Tsoro ya kama shi, tsoron kada yarinyar nan ta daina kallonsa yadda take kallonsa. Kaico, namiji guda, da furfurarsa!

Ya dafa kanta ya ce, "Ba komai, Auta. Na yafe miki."